Jikan Wa Za Mu Ce?

A wani gari da ke gefen hanyar da ta tashi daga Dutsin-Ma ta nufi Kurfi, an yi wani Alhaji da Allah Ya buɗa wa. Ba zan kama sunansa ba, ba kuma zan faɗi garin ba, kada in ambaci mutum ɗaya sauran su ce sun tsira. Da awon hatsi ya fara ranar kasuwa, ya koma dillancin taki, daga nan kwangila ta karɓe shi, har ya yi gida a Katsina, ya yi a Abuja. Zuwa Makka kuwa, tun ana ƙirga masa har aka gaji. Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a duniya: ranar biki.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar ɗaurin aure a ƙasar Katsina ya san aikin ɗan ma'abba. Ba da kai yake farawa ba, da kakanka yake farawa. In ɗan gidan Yandaka ya shigo, sai ya ɗauko shi tun daga Malam Na Alhaji, ya gangaro da shi uba bayan uba har ya dire a kan rawaninsa. In na gidan Maraɗi ne, a ambaci Kurfi da waɗanda suka riƙe ta. Amma in Alhajinmu ya sauko daga mota, murya takan tashi sama ƙwarai, sai dai ba abin da ke cikinta sai naira da mota da bene. Wata rana wani sabon shiga a sana'ar, yaro mai rawar kai, ya rasa inda zai kama, ya leƙa ta tagar direba ya ce, "Don Allah jikan wa za mu ce?" Ya manta lasifika na hannunsa a kunne. Ba wanda ya yi dariya a fili, kuma wannan ya fi dariyar ciwo.

Ana cikin haka ɗansa da ke karatu a Jamus ya turo masa hoto ta waya. Yaron ya je kallon wata fada da ke bisa tsauni a kudancin ƙasar, ta gidan Hohenzolan, ya tarar an zana bishiyar zuri'arsu a bangon wani ɗaki, reshe bisa reshe, kowanne da sunan mai shi. Ya biyo hoton da dogon saƙon murya. Ya ce sunan gidan ya fara fitowa a rubuce tun 1061. A 1415 suka sami mulkin Birandinbag, a 1701 ɗayansu ya ɗora wa kansa kambin sarautar Furushiya da hannunsa, a 1871 suka zama sarakunan Jamus gaba ɗaya. Alhaji ya saurara zuwa nan, ya tsayar da saƙon, ya buɗe hoton da yatsu biyu yana bin rassa da ido. Bai ƙara komawa kan sauran maganar ba.

Da ya ƙarasa, da ya ji cewa ginin da ya burge shi ba wani tsoho ba ne can. A 1867 aka gama shi, a kan kufan tsohuwar fada, aka yi masa fasalin mutanen da don ya yi kwarjinin tsufa. Da ya ji cewa su ma, duk tsawon salsalarsu, an taɓa jingina su da wani babban gida na birnin Rum, masanan da suka zo daga baya suka ce babu wannan magana. Da kuma ya ji inda bishiyar ta tsaya: a 1918 Wilham na Biyu ya sauka daga gado ya tsallaka Holan, ya ƙare kwanakinsa yana saran itace a gidan da ya fake, har ya mutu a 1941. A 1919 sabon tsarin mulkin Jamus ya soke gatan 'yan sarauta, laƙabinsu ya koma guntun suna kawai a takardar shaida. Har ta kai an sami waɗansu tsofaffin 'yan gidan sarauta da babu ta kama, suna karɓar kuɗi su mai da ƙaton mutum ɗan riƙonsu a takarda don ya ɗauki sunan. Wannan na ƙarshen kam, gara da Alhaji bai ji ba, don ina jin da ya tambayi farashi.

Washegari ya aika aka ɗauko masa Malam, tsohon hedimastan da ya koya masa baƙi da wasali a firamare, wanda yanzu ya yi ritaya, ba shi da dukiyar da ta wuce akwatin littattafai da keken hawa.

"Malam, irin wannan nike so," in ji Alhaji, ya miƙa masa wayar. "A yi mani bishiya, a buga ta a kalanda. A kuma yi babba ta leda wadda za a rataya ranar taron zuri'a, bayan Babbar Salla."

"To, Alhaji, bishiya daga gindi take farawa. Wa za mu sa?"

"Ai shi ya sa na kira ka. Ka duba littattafanka, ba a rasa inda muka haɗu da gidan Yandaka. In ta ƙiya, a duba Kurfi. In duk ta ƙiya, ai mutanen Shehu suna da yawa."

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ba a cewa a'a kai tsaye ga mutumin da ya biya maka kuɗin aikin ido bara.

"Gidan Yandaka, Alhaji, ba gidan da ake shiga da dare ba ne. Yandakan Katsina yana cikin masu zaɓen sarki, shi da Kaura na Rimi da Galadima na Malumfashi da Durbi na Mani. Gidan da ke tantance wa Katsina 'ya'yan sarki, kana jin ba su san ƙidayar nasu 'ya'yan ba? Kurfi kuwa, Maraɗi Ahmadu Kurfi shi ne sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa lokacin zaɓen 1979, har littafi ya rubuta a kai. Gidan mai lissafin ƙuri'ar Nijeriya za mu je mu yi wa aringizo?"

Alhaji ya yi murmushin yaƙe.

"Amma tun da gindi kake nema," in ji Malam, "bari in gaya maka yadda manyan gindayen ƙasar nan suka samu. Fadar Katsina har gobe Gidan Korau ake ce mata. To, Muhammadu Korau ba ɗan gadon sarautar da ya tarar ba ne. Durɓawa ke mulki, kaburburansu na can Durɓi ta Kusheyi wajen Mani. Labarin da aka gada ya ce daga 'Yandoto ya zo, ya ka da sarkinsu Sanau a kokawa, ya hau. Ranar da ya shigo gari, in da akwai ɗan ma'abba a ƙofa, da bai san jikan wa zai ce ba."

Alhaji ya ɗago kai da sauri. Malam ya yi kamar bai gani ba.

"Zuri'arsa ta riƙe ƙasar shekaru ɗaruruwa, sai jihadi ya zo. Malamai uku suka ja gaba a nan: Ummarun Dallaje, da Ummarun Dumyawa, da Na Alhaji, kakan Yandakawa. A 1807 birni ya faɗa hannunsu, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Shi kuma da allo da tawada aka san shi kafin a san shi da tambari. Magada Korau suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa musu zama a Maraɗi, shi ya sa har yau Sarkin Katsina ake ce wa na can. Dallazawa suka yi kusan shekara ɗari. A 1903 Lugga ya shigo ta Ƙofar Yandaka. Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi a 1906, suka ɗauko Durbi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, wanda gidansu bai taɓa sarautar birni ba. Ya yi mulki har 1944. A zamaninsa aka buɗe Kwalejin Katsina, ya je Hajji a 1921, ya je Ingila. Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, Muhammadu Kabir har 2008, sannan Abdulmumini. Ka ga kowane gindi a cikin waɗannan, mutum ne da ya yi wani abu da hannunsa ko da kansa, na baya suka rataya a jikinsa. Ba a taɓa..."

"Ka gani!" Alhaji ya buga hannun kujera. "Ashe kowa shigowa ya yi. To, mu ma a shigo da mu."

Malam ya mai da tabaransa. Ya koyar shekara da shekaru, ya san ɗalibin da ya fahimci darasi ya ƙi, ya san wanda bai fahimta ba, ya kuma san wannan na farkon ne.

Yawancin abin da ya faɗa daga littafin Yusufu Bala Usman ya samo shi, wanda aka buga a 1981 kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883. Ga abin da ke ba ni sha'awa da marubucin: jikan Sarki Dikko ne, ɗan Durbin Katsina, mahaifiyarsa 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero. In jera kakanni ake so, wa ya fi shi abin jerawa? Amma bai ƙarar da tawadarsa a nan ba. Abin da ya dame shi shi ne yadda garuruwa suka kafu, su wa suka yi noma da ƙira da rini da fatauci har aka sami abin da za a mulka, sannan ya ƙare rayuwarsa a siyasar talakawa. Na lura mai asalin bai cika ɗaukarsa a ka yana yawo da shi ba.

Malam ya ce sai ya ji daga bakin manyan gida. Babba kuwa ɗaya ta rage, Gwaggo, ƙanwar mahaifin Alhaji, autar gidansu. Ya same ta a tsohon gidan gado. Zauren ya zube tun daminar bara, an kare ƙofar da zana da wani tsohon kwano da aka danne da dutse. Ɗakuna biyu na ciki cike suke da dangi, mata da yara, waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensu na yamma. Ita tana zaune bakin murhu tana gyaran kalwa.

"Babana ne ya aiko ka?" in ji ta bayan an gaisa. Haka take kiran Alhaji, don sunan mahaifinta aka sa masa, bakinta ba ya iya furta shi.

"Shi ne, Gwaggo. Tarihin gida yake so a rubuta."

"Yau kuma? To, madalla. Zauna, ba shi da tsawo."

Ta ce ubanta Bagobiri ne, daga wani ƙauye kusa da Tsibiri. Yunwa ta koro shi shekarar Kakalaba, wadda masu lissafi ke sa wa 1913 zuwa 1914, zamanin Sarki Dikko. Yana saurayi ya iso, da jaki ɗaya da dagi da igiya. Ya tarar da garin nan mata na tafiyar rabin yini neman ruwa in rani ya yi, don ƙasar dutse ce, duk wanda ya fara gina sai ya ci karo da falalen dutse ya haƙura. Shi bai haƙura ba. In ya kai ga dutse, sai ya tara itace a ramin ya hura wuta ta kwana tana ci, da asuba ya kwarara ruwan sanyi, dutsen ya tsage, ya bi tsagar da dagi yana ɓamɓara, ana jawo ɓaraguzan da igiya. Kafin ya sauka kullum sai ya zura fitila. In ta mutu, ranar ba shiga. Rani biyu ya yi a rami guda, ya sami ruwa a gaba goma sha huɗu. Mai garin lokacin ya yanka masa gonar da ke kewaye da rijiyar, ya kuma ba shi mata, mai daddawa, uwarsu.

"Hannunshi," in ji Gwaggo, ta buɗe nata tafin, "bai damƙuwa duka. Da shi yake ɗaukar garwashi ya kai wa maƙwabci. In ya shafa mani kai sai in ji kamar ɓawon icce. Ka rubuta wannan?"

"Na rubuta."

"Ka rubuta bai taɓa cin bashin kowa ba. Ka rubuta rijiya bakwai ya gina tsakanin nan da Birchi, wannan ta gidan ba ta taɓa ƙafewa ba. Sauran tarihin kuma ga shi nan." Ta juya masa kuncinta. Zanen Gobirawa ne, tun daga gefen baki ya bazu har kusa da kunne, tsufa ya lanƙwasa shi amma bai shafe ba. "Wanzami ya rubuta shi tun ina jaririya, bai kuma yi kuskure ba."

Da Malam ya kai rahoto, Alhaji ya saurara yana kaɗa ƙafa. "Gwaggo ta tsufa, Malam, ta fara ruɗewa. Wane irin ginar rijiya? Malami ne. Yana yiwuwa ya taɓa sa almajirai su yi gina, sadaka." Ya ce a rubuta kakan da Malam a gaban sunansa, a ce daga wata fada ya taso, a ɗora masa sunaye uku a sama, na ukun ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka yi zama gaban Shehu. Kada a kama gidan kowa, a bar shi a dunƙule yadda ba mai iya ƙaryatawa. Ya zaro rabin kuɗin aiki ya ajiye a kan tebur.

Zan so in ce Malam ya tashi ya kaɗe rigarsa. Bai tashi ba. Fansho kowa ya san halinsa, ga 'ya mace an sa mata rana. Ya ɗauka, ya koma gida, ya zauna da fitila ya haifi mutum uku a dare ɗaya, ya raɗa musu suna. Masu kuɗin da ke son a gyara musu jiya ba su taɓa rasa mai alƙalami ba, kuma ba jahili suke nema ba, wanda ya san gaskiyar suke nema, don shi ya san inda za a kauce mata.

A wurin buga takardu a Katsina aka gamu da cikas. Yaron da ke kan kwamfuta ya jera hotuna a rassa: na mahaifin Alhaji, wani tsohon hoton fasfo da ya yi ja, da na Gwaggo da aka ɗauko da waya. Da aka faɗaɗa su a allo, sai ga zane ɓaro-ɓaro a kumatu biyu. Alhaji ya yi shiru. Ko bai karanta littafin kowa ba, ya san da Sarkin Gobir Yunfa aka fara jihadi a 1804, ya san Alƙalawa aka ci a 1808. Jikan mutumin Shehu da zanen Gobir, ko yaron makarantar allo sai ya tambaya.

"Wannan ba matsala ba ne, Alhaji," in ji yaron. "Minti biyu."

Ya ja ɗan linzaminsa a kan kuncin tsohon, layi bayan layi suna ɓacewa. Da ya ga mai kuɗin ya saki fuska, sai ya ƙara da gyara: ya haska fatar, ya ɗan ja hancin, ya ɗauko rawani daga hoton wani ya naɗa wa mutumin da bai taɓa wuce hula haɓar-kada ba har ya koma ga Allah. Gwaggo ma aka share ta tas, aka cike mata gurbin haƙora biyu. Da aka zo sa sauran dangi, takarda ta cika. Alhaji ya duba jerin, ya sa biro ya tsallake waɗanda ke kwana a ɗakunan Gwaggo. Ya ce a bari sai bugu na biyu.

Ranar taro an kafa rumfuna a filin makaranta, an yanka sa biyu. 'Yan Abuja da 'yan Kaduna a kujerun gaba masu hannu, 'yan gari a na roba. Waɗanda ba su cikin takarda suka tsaya bayan igiya da kwanoninsu. An ba ɗan ma'abba salsalar a buge, yana karantawa yana tuntuɓe, don sunayen ba su taɓa bi ta bakinsa ba. Bishiyar leda kuwa ta rufe bangon aji guda, kore shar, da zanen takobi biyu a gindinta.

Tsofaffin gari suka matso suna kallo. Wani da suka yi noma tare da mahaifin Alhaji shekara talatin ya tsaya gaban hoton mai rawani, ya karkata kai.

"Wannan wane hakimi ne?"

Aka ce masa ai abokinsa ne. Ya ƙara dubawa, ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Lahira ta karɓe shi ƙwarai."

An aika mota ta ɗauko Gwaggo. Wata jika ta riƙo hannunta har gaban bango, ta nuna mata reshe. "Gwaggo, ga ki nan." Tsohuwa ta matsa har hancinta ya kusa taɓa leda. Ta daɗe. Ta kai hannu ta shafa nata kuncin, ta sake duban hoton.

"Tubarkalla, kyakkyawa da ita. Ɗiyar gidan wa ce?"

Mata suka rufe baki da mayafi. Mai gabatarwa ya yi maza ya ce a ba uwar zuri'a lasifika ta sa albarka. Ta karɓa da hannu biyu. Ta yi salati, ta gode wa waɗannan manyan baƙi, jikokin malamai, da suka zaɓi garin nan suka yi taronsu, har suka ciyar da talakawa. Ta roƙi Allah Ya mai da su gidajensu lafiya. "In kuma a cikinku akwai wanda ya san Babana a can birni, don Allah ya gaya mashi bakin rijiyar gidanmu ya zube, buhun siminti biyu ya isa. Ina tsoron yaran nan da ke kwana wurina, ba su san wurin ba." Ta miƙa lasifikar. Aka tafa, don ba a san abin da za a yi ba in ba tafin ba. Aka raba kalanda, kowa ya tafi da tasa, har da na bayan igiya.

Ba a aiko da simintin ba. Wani maƙwabci ne ya jera duwatsu ya ɗora ƙaya.

Sai ga abin da ba a sa cikin lissafi ba. Tun da aka kafa jami'ar tarayya a Dutsin-Ma a 2011, gari ke ta miƙewa, gonakin bakin titi suka zama filaye, filaye suka zama kuɗi. Wani mai son gina ɗakunan haya ya ga gonar rijiya, ya taya ta da kuɗin da ba a taɓa jin irinsa a garin ba. Gonar kuwa ba a taɓa raba ta ba tun rasuwar mai ita. Kafin mako ya zagayo, motar Alhaji na ƙofar gidan mai gari, ya zo karɓar kason mahaifinsa, kuma a matsayinsa na babban jika yana so a bar masa cinikin.

'Ya'yan baffanninsa, waɗanda aka tsallake da biro, sun riga shi zuwa. Ba su yi hayaniya ba. Ɗayansu ya zaro kalanda daga cikin riga, har da ramin ƙusa a samanta, ya shimfiɗa gaban mai gari, ya koma ya zauna.

Mai gari ya sa aka karanta masa tun daga gindi har reshe, kamar bai taɓa gani ba, alhali irinta na rataye bisa kansa.

"To, Alhaji, ni takarda na gani, da hotonka da sunanka. Ta ce kakanka malami ne daga fada. Gonar nan kuwa, kakana ya ba wani Bagobiri mai ginar rijiya ita, ladan ruwa. Ko gonaki biyu ne muke magana?"

"Ranka shi daɗe, ai ka san maganar."

"Na sani. Amma abin da aka faɗa da lasifika, ba a warware shi da raɗa."

Liman ya gyara murya ya ce a shari'a kalanda ba ta yanke nasaba, ɗa na ubansa ne ko ya so ko ya ƙi, gado kuma na nan. Sai dai ya ƙara da cewa addini ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane, kuma gara mutum ya gyara tun yana da bakin gyarawa. Aka ce a kira shaida. Aka zo da Gwaggo, ta zauna bakin tabarma.

"Gwaggo, kin san wannan?"

"Ranka shi daɗe, a hannuna aka yanke mashi cibi. Ni na goya shi uwarshi na jego. Ɗan wana ne, sunan ubana gare shi. Abin da na sani ke nan. Amma yanzu shi babba ne, ya je Makka, ya ga duniya, ƙila ya gano abin da ban sani ba. Ga shi nan, ku tambaye shi."

Zaure ya cika har waje, yara sun hau katanga. Mai gari ya juya. "Alhaji, wane ne kakanka, kuma mece ce sana'arsa?"

Alhaji ya dubi Malam, wanda ke rakuɓe a lungu yana nazarin yatsun ƙafarsa. Ya dubi ƙasa. Ya faɗi sunan, ya ce mai ginar rijiya.

Mai gari ya kai hannu bayan kunne. "Ka yi haƙuri, kunnen nan ya tsufa. Daga ina ma ya zo?"

Sai da ya faɗa sau uku, na ukun har mai shayin tsallaken titi ya ji.

Da yamma Alhaji ya aika wa Malam cewa a rubuto sahihin jerin magada don takardar ciniki. Malam ya ce wannan ba ya bukatar littafi, layi goma ne, amma a fara aiko da cikon kuɗin aikin farko. An aika yara su bi gida-gida su karɓo kalandun, suka dawo da 'yan kaɗan. Wasu sun ce sun ba dangi na nesa, wasu suka ce suna duba kwanan wata.

Gonar kuwa har yanzu ba a sayar ba. Da aka zo rabo, Gwaggo ta ce ita a matsayinta na 'yar mai gona ba ta son kuɗi, a yanka mata kasonta ta gefen da rijiyar take, kuma ba na sayarwa ba ne. Sauran magada suka ce sun yarda. Mai sayen kuma daidai nan yake so, don ta nan gonar ta taɓa titi.